Daga Rasit ɗin Haraji zuwa Takardar Ɗan Asali: Yadda Hukuma Ta Riƙa Lissafa Mu a Konduga



Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar ma'aikata, ko soja ko ɗan sanda ko kwastan, ko aka fara neman gurbin karatu a jami'a, magana ɗaya ce ke tashi a zaurukan unguwar nan, wato takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda yara ke cewa indijin. Yaro a nan aka haife shi, a nan aka binne cibiyarsa, ubansa ma haka, yana jin Barbarci kamar yadda yake jin Hausa. Amma ranar cike fom sai a ga an tsaya ana shawara: ya nema a nan ne, ko kuwa ya hau mota ya tafi Kazaure ko Daura ko Gumel, garin kakansa da bai taɓa kwana a ciki ba?

Yaranmu sun ɗauka haka duniya take tun fil'azal. To, ba haka ba ne. Wannan takarda ba ta ma kai wasunmu shekaru ba. Kafin ita akwai wata takardar da ake gane mutum da ita, kuma bayanta wata ta sake ɓullowa. Abin da muke so mu bi sawunsa ke nan a wannan fitowa: da me hukuma take gane mu a kowane zamani, kuma me ya sa abin ya riƙa canzawa. Wanda bai san inda ruwa ya fara dukansa ba, ba zai san inda ya bushe ba.

Kafin zuwan Turawa

Tsakanin Hausa da Borno ba yau aka fara ba. Kakanninmu sun shigo ƙasar nan ta hanyoyi sanannu. Akwai almajirai da suka yo gabas neman karatun Alƙur'ani, don Borno ita ce makarantar Ƙur'ani ta ƙasashen nan tun da daɗewa. Akwai fatake masu goro da tufafin Kano da ke komawa da kanwa da dabbobi. Akwai maniyyata da suka ɗauki hanyar Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare, suka zauna noma don su tara, aka wayi gari zama ya zama na dindindin. Daga baya manoma da masunta suka biyo ruwa, irin kogin Ngadda da garinmu ke bakinsa. Barebari suna kiranmu Afuno, kuma har yau Hausari tana nan a cikin Maiduguri tana shaida daɗewar wannan zama.

A mulkin Shehunan Kukawa, ƙasa tana hannun manyan fada ne waɗanda ake kira Cima. Babban, wato Cima Kura, yana zaune a birni kusa da Shehu, wakilinsa Cima Gana shi ke yawo a karkara yana tattaro abin da ya wajaba. Masana tarihin Borno sun nuna cewa Cima iri biyu ne. Akwai mai kula da yankin ƙasa, akwai kuma mai kula da jinsin mutane duk inda suke, kamar makiyaya da sauran ƙungiyoyin da ba su da ƙasa guda. Ka ga ke nan tsarin ya san da zaman baƙo, ya kuma tanadar masa ƙofar da zai bi ya isa fada. Baƙo ya zo, ya yi gaisuwa wurin Bulama, a nuna masa fili, ya yi noma, ya fitar da abin da ake fitarwa in kaka ta yi. Shi ke nan ya zama talakan Shehu. Ba mu ce zamanin babu zalunci ba, akwai shi, har da bauta da kwace. Amma ba a tambayar mutum inda aka haifi kakansa kafin a lissafa shi cikin jama'a.

Rabeh ya rushe wannan mulki a 1893, ya ƙone Kukawa, ya zauna a Dikwa. Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. A 1902 Ingilishi suka iso, suka ɗauko Shehu Abubakar Garbai suka tabbatar da shi a ɓangaren da ya faɗo hannunsu. A 1907 aka kafa sabuwar fada a Yerwa, wadda tsakaninta da Konduga yau tafiyar ƙasa da awa guda ce a mota kan hanyar Bama.

Zamanin En'e da rasit ɗin haraji

Turawa ba su da yawan da za su mulki ƙasa da kansu, don haka suka bi ta hannun sarakuna. Wannan shi ne tsarin En'e. Abu na farko da suka yi shi ne yanka ƙasa gunduma-gunduma, kowace da hakiminta, wanda a nan Borno ake kira Aja ko Ajiya, kuma aka tilasta masa ya bar birni ya zauna cikin mutanensa. A ƙarƙashinsa akwai Lawan mai riƙe da gungun ƙauyuka, ƙarƙashin Lawan kuma Bulama mai unguwa ko ƙauye. A sama Shehu ne da Waziri da majalisa, a gefe kuma Razdan da Di'o suna sa ido. Konduga tana cikin gundumomin En'e ta Borno. Sunayen nan uku, Aja da Lawan da Bulama, har gobe da su muke aiki.

Abu na biyu shi ne baitulmali. Wajen 1911 aka fara kafa su a Arewa, Katsina ce ta fara, sauran suka biyo. Harajin da aka tara ana raba shi tsakanin gwamnati da En'e, da farko rabi da rabi, daga baya kason manyan En'e ya ƙaru. Daga kason nan ne ake biyan albashin Shehu da hakimai da alƙalai da 'yan doka da malaman makaranta da malaman asibiti, a haƙa rijiya, a gyara hanya da kasuwa.

To, a nan ne takarda ta farko ta shigo. Kowace shekara malamin haraji zai zo da littafinsa, Bulama na gefensa, a bi gida-gida a rubuta magidanci da samarin da suka isa biya. Makiyayi kuma a ƙidaya shanunsa don jangali. In kaka ta yi a biya, a ba ka ɗan rasit. Dattawanmu sun ba mu labarin yadda ake naɗe wannan rasit a sa cikin laya ko a ƙunshe a cikin hula, domin matafiyin da ba shi da shi yana iya kwana a hannun ɗan doka.

Kada wani ya ɗauka muna kewar haraji. Haraji ya gasa wa talaka aya a hannu. An sayar da akuya da tukunya da hatsin ci saboda shi, an shanya mutane a rana a ƙofar hakimi, wasu sun bar gari cikin dare. Ga aikin tilas, wanda a lokacin yaƙin Hitila ya kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos. Ga kuma hannun da ke shiga tsakanin talaka da baitulmali ya yagi nasa. Abin ya kai har Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna a watan Agusta na 1950 ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. A nan Borno ma samari suka kafa ƙungiyarsu ta adawa a 1954, wadda Ibrahim Imam ya zama jigonta daga baya, kuma bayan binciken almundahana a En'e aka naɗa Shettima Kashim Ibrahim Wazirin Borno a 1956 don ya gyara gida.

Duk da haka akwai abu guda da ya kamata mu lura da shi. Littafin haraji bai san ƙabila ba. Inda kake kwana, nan sunanka yake. Lawan yana son jama'arsa su yi yawa, domin girmansa a idon hakimi da Di'o yana tafiya ne da yawan masu biya. Saboda haka baƙo riba ne. In Bahaushe ya sauka da iyalinsa, murna ake yi, kuma in ya yi fushi zai tashi sai a bi shi da lallashi. Hukumar da ke ci daga guminka dole ta san sunanka da ƙofar gidanka. Kuma da yake mu da masu masaukinmu addini ɗaya muke bi, alƙali ɗaya ke yi mana shari'a, ba a ware mu can gefe kamar yadda aka ware mutanen Kudu a sabon gari na wasu birane ba.

Lokacin da ɗan Arewa ɗan Arewa ne

Da aka doshi mulkin kai, sai wata matsala ta bayyana. Ofisoshin gwamnati a Arewa cike suke da akawuna daga Kudu, domin sun riga mu shiga boko da shekaru masu yawa. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta ɗauki manufar fifita 'yan Arewa wajen ɗaukar aiki, aka faɗaɗa makarantar horar da ma'aikata ta Kongo a Zariya, aka riƙa fitar da Di'o-Di'o baƙar fata. Wannan shi ne karo na farko da asalin mutum ya zama sharaɗin samun aikin gwamnati a fili.

Amma dubi faɗin da'irar a lokacin. Daga Sakkwato zuwa Yerwa, daga Katsina zuwa Makurɗi, duk ɗan Arewa ne. Bakatsine yana iya zama malamin gona a lardin Borno, Babarbare ya yi Di'o a lardin Ilori. Shi kansa Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966 ɗan Borno ne, wato Sir Kashim Ibrahim. Da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, wasu iyayenmu a cikinsa suka zo, kuma babu wanda ya ji ya bar ƙasarsa.

Daga nan da'irar ta fara tsukewa. A ranar 27 ga Mayu 1967 Janar Gowon ya yanka ƙasa jihohi 12, Arewa ta zama shida, mu muka faɗa Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri, Musa Usman ne gwamna. Ma'aikatan da ke Kaduna aka rarraba su, galibi kowa ya nufi jihar da lardinsa ya faɗa. Cikin 'yan shekarun nan kuma aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala ya raba Arewa maso Gabas gida uku, Borno da Bauci da Gongola, aka sake rabon ma'aikata. A ranar 27 ga Agusta 1991 Janar Babangida ya cire Yobe daga Borno. Mutumin Potiskum ko Gashuwa da ya kwana yana ɗan jiha a ofishinsa na Maiduguri, ya tashi da safe ya zama ɗan wata jiha. Jama'a, a lura da wannan. Kowane yanka da aka yi, an kawo gwamnati kusa da wasu, amma kuma an ƙara yawan waɗanda ake kira baƙi ba tare da sun ɗaga ƙafa daga inda suke ba.

1976: ƙaramar hukuma da kuɗin mai

Shekarar 1976 ita ce mararrabar wannan tarihi. Gwamnatin soja ta Obasanjo, da Shehu Musa 'Yar'aduwa a matsayin na biyu, ta soke abin da ya rage na En'e, ta kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk Najeriya, guda 301. Aka ce kowace za ta sami majalisa da ciyaman da kansiloli da sakatare, sarakuna kuma su koma masu ba da shawara. Niyyar mai kyau ce, a kawo mulki kusa da talaka, a ba shi bakin magana. Adadin ya yi ta ƙaruwa har ya tsaya a 774 a 1996, Borno tana da 27, Konduga ɗaya daga ciki.

Sai dai abin da ya fi canza rayuwarmu shi ne inda kuɗin ke fitowa. Man fetur ya yi daraja, aka sa ƙananan hukumomi cikin masu kaso daga asusun tarayya. Kason ya tashi daga kashi 10 cikin ɗari a farkon shekarun 1980 zuwa kashi 20 a 1992, yau kuma yana kashi 20.6. A 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali, abin ya bazu, talakawa suka yi ta murna, kuma sun cancanci su yi.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Da En'e tana kallon ƙasa ne, wurin manomi da makiyayi da ɗan kasuwa, domin nan abincinta yake. Ƙaramar hukuma kuwa sai ta ɗaga kai tana kallon sama, Legas da farko, daga baya Abuja da gidan gwamnatin jiha. Mu 'yan kasuwa mun san wannan sarai: wanda ke ba ka ciniki shi kake tashi wa tsaye. Da can yawan jama'a yawan masu kawowa ne. Yanzu kuɗi na zuwa a dunƙule ƙarshen wata, sai yawan jama'a ya zama yawan masu rabo. Baƙon da a da yake riba, sai ya koma ƙarin hannu a cikin akushi. Ba halin mutane ne ya lalace ba, tsarin ne ya juya lissafin.

Shi ma aikin gwamnatin a shekarun nan ya sauya kama. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a farkon 1975 ya sa aikin ofis ya zama abin sha'awa, har masu rediyo da babur suka ga ciniki irin wanda ba su taɓa gani ba. A wannan shekarar kuma Murtala ya sallami ma'aikata wajen 10,000 cikin 'yan watanni, wasu da laifi, wasu ba a ma saurare su ba. Da yawa cikin tsofaffin ma'aikata suna cewa daga ranar ma'aikaci ya daina amincewa kujerarsa za ta kai shi fansho, ya fara tanadin gobensa tun yau ta kowace hanya. A 1976 aka buɗe karatun firamare kyauta ga kowa, masu takardar makaranta suka yi yawa, gurabe suka yi kaɗan. In nama ya yi kaɗan masu ci suka yi yawa, dole a nemo ma'aunin rabo.

Takardar ɗan asali

Ma'aunin shi ne ya shigo cikin kundin tsarin mulki na 1979. Bayan yaƙin basasa, an ji tsoron kada wani yanki ya mamaye gwamnati, sai aka rubuta cewa muƙamai su nuna kowane ɓangare na ƙasa. Aka kuma fassara zama ɗan jiha da cewa mahaifin mutum ko mahaifiyarsa ko ɗaya daga kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke asalin jihar. Ba a kawo zancen inda aka haife ka ko shekarun da ka yi a wuri ba. Kundin 1999 ya gaji wannan. A 1996 gwamnatin Abacha ta kafa hukumar raba daidai ta tarayya don ta sa ido a kan ɗaukar ma'aikata. Wa zai tabbatar da asalin mutum? Ƙaramar hukuma, bisa shaidar masu unguwa da dagatai da hakimai. Haka takarda ta biyu ta samu.

Mu yi adalci. Ba don a cuce mu aka yi wannan tsari ba. Ba don shi ba, da yaran Borno da na Kano da na Sakkwato baki ɗaya sun sha wuya wajen shiga jami'o'i da ma'aikatun tarayya, domin har yau akwai tazara a boko. Inuwar da ke kare ɗan Konduga a Abuja ita ce ke kare ɗan Kazaure. Matsalar tana kan wanda ya faɗo tsakanin gida biyu: a inda yake zaune a ce kakansa ba ɗan nan ba ne, a garin kakan kuma dagaci ya ce bai san shi ba. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Babarbaren da kakansa ya zauna a wani gari na ƙasar Hausa ko a Kudu yana iya gamuwa da irin wannan.

Borno ta ga yadda zancen asali ke zama makami tun da wuri. A watan Janairu na 1980 jami'an gwamnatin tarayya suka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar nan zamanin Gwamna Muhammadu Goni, suka tsallakar da shi Chadi, wai mahaifinsa ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar kotun Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, ta dawo masa da haƙƙinsa har da diyya. In ana iya yi wa zaɓaɓɓen ɗan majalisa haka, ina ga mai tebur a kasuwa? A wasu wuraren abin ya kai ga jini. Zangon Kataf a 1992, Jos a 1994 da 2001 da 2008, duk akwai rigimar wane ne ɗan gari, wane ne zai riƙe muƙami ko kasuwa. A Gana kuwa, dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a ƙarshen 1969 ta watsa iyalai da yawa na zango, har da waɗanda can aka haife su. Alhamdu lillahi mu a nan ba mu ga irin wannan tsakaninmu da masu masaukinmu ba. Sahu ɗaya muke tsayawa, mun ba su aure sun ba mu, maƙabarta ɗaya muke kai mamatanmu. Wannan ni'ima ce da ya wajaba a riƙe ta da hannu biyu.

Akwai kuma abin da yawancinmu ba su sani ba. Ƙa'idojin hukumar raba daidai sun ba da hanya biyu ta zama ɗan asalin ƙaramar hukuma: ko ta iyaye da kakanni, ko kuwa ita ƙaramar hukumar ta karɓe ka a matsayin nata. Sharaɗin kawai kada mutum ya riƙe biyu. Kuma mahaifiya ma tana ba da asali, don haka yaron da uwarsa ko kakarsa 'yar ƙasar nan ce yana da hujja a rubuce. Har ila yau kundin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda inda ya fito, ya kuma umarci ƙaramar hukuma ta lura da ire-iren mutanen da ke cikinta wajen tafiyar da al'amura. Ƙofar ba a kulle take ba, a saye take, kuma sai wanda ya san da ita zai ƙwanƙwasa.

Shekarun fitina da takarda ta uku

Abin da ya same mu daga baya ba sai an tuna wa kowa ba. An kafa dokar ta-ɓaci a Mayun 2013. A watan Agusta na shekarar aka buɗe wa masallata wuta a garin nan da asuba. Kawuri ta ƙone a Janairun 2014, Konduga ta sake shan hari a Fabrairu, a Satumba kuma aka yi gumurzun da ya hana maharan wucewa Maiduguri. Mandarari a 2019, Auno a 2020. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sa sun huta. Harsashi bai tambayi kowa takardar asali ba.

A shekarun nan ƙananan hukumomi da dama na jihar sun koma gudanar da aiki daga Maiduguri, takardu sun ƙone, kuma daga 2007 har zuwa 28 ga Nuwamba 2020 ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi a Borno ba, sai kantomomi da kwamitocin riƙo. Shekara 13 ke nan babu kansilan da ƙuri'armu ta ɗora. Sansanonin Dalori da ke cikin ƙasarmu suka cika da jama'a. A nan takarda ta uku ta fito, wato katin tallafi. Hukumomin agajin gaggawa na tarayya da na jiha da ƙungiyoyin waje suka riƙa rajistar gidaje, kuma sau da yawa ta hannun Bulama da Lawan ake tantance wanda yake na wuri. A 2015 Gwamna Kashim Shettima ya kafa ma'aikatar sake gina garuruwa da mayar da jama'a, Farfesa Babagana Umara Zulum ne kwamishinanta na farko, kuma rabon gidaje da kayan sana'a ma da jerin sunaye ake yi. Da madatsar Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba 2024, kamar yadda ta taɓa yi a 1994, aka sake komawa ga jerin sunaye.

Darasin da muka ɗauka a nan mai ɗaci ne amma mai amfani. Unguwar da ke da shugaban da hukuma ta sani, da sunayen gidajenta a rubuce, ita ake fara kira. Wadda ba ta da su sai ta ji labari bayan mota ta tashi. Kuma mun ga illar littafin da ba a kula da shi ba: tantancewar da gwamnatin Zulum ta yi ta bankaɗo sunayen ma'aikatan bogi sama da 22,000 a ƙananan hukumomi da makarantun firamare na jihar. Wato a daidai lokacin da yaro mai rai da takardar makaranta ke neman a san da shi, akwai dubban sunaye marasa jiki da ke karɓar albashi. Amanar dukiyar jama'a abu ce da za a tsaya a kanta gobe ƙiyama, kuma wanda ya ci da wanda ya sa hannu duk za su amsa.

Inda muke yau

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ba, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su. Zartar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, amma in ya tabbata, kuɗi da iko za su ƙaru a sakatariya. Wannan yana iya zama alheri, yana kuma iya ƙara zafin tambayar wane ne ɗan gida, domin akushin zai ƙara girma. A majalisar tarayya an sha kawo ƙudurin a ba wanda ya daɗe a wuri matsayin ɗan asali, har yau babu wanda ya zama doka.

To, mene ne namu a ciki? Tarihin nan ya nuna mana cewa hukuma tana ganin wanda ke cikin littafinta ne, tana kuma sauraron wanda take buƙata. Akwai takardun da har yanzu inda kake zaune suke bi, ba inda kakanka ya fito ba. Katin zaɓe yana cikinsu, kuma kansila da ciyaman suna buƙatarsa. Duk wanda ya kai 18 a gidajenmu, mace da namiji, ya yi rajista a mazaɓarsa ta nan. Takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya tana cikinsu, a karɓa wa jariri tun kafin a yaye shi. Rasit ɗin kuɗin rumfa da na kasuwa yana cikinsu: mu biya, mu karɓi rasit na gaskiya, mu adana, domin mai biya shi ke da bakin tambayar ina aka kai. Filaye da gonakin da aka ba iyayenmu da baki, a je a rubuta su da shaidu tun dattawan da suka san iyaka suna raye.

Sannan muna roƙon kwamitin unguwa ya buɗe littafi guda, a rubuta kowane gida: wa ya fara zuwa, daga ina, zamanin wane Lawan, wa ya aura, su wa ya haifa. A ajiye kwafi wurin mai unguwa, a kai wani wurin Bulama. Da wannan littafi ne dattawanmu za su iya zuwa gaban Lawan da Aja da majalisar ƙaramar hukuma cikin ladabi, su nemi a tsayar da ƙa'ida ɗaya bayyananna ga 'ya'yan gidajen da suka yi zuriya biyu ko uku a nan, maimakon kowane yaro ya je shi kaɗai yana neman alfarma. Kuma kada ɗayanmu ya saya wa ɗansa takardar ƙarya ko ya riƙe biyu. Ranar tantancewa ita ke kunyata mutum, ta kuma ɓata sunan unguwa gaba ɗaya.

Dattawan da suka ga malamin haraji da idonsu saura ƙalilan a cikinmu. Duk mai irin wannan tsoho a gida, ya zauna da shi a makon nan da biro da takarda. In kuma akwai wanda ya gaji tsohon rasit a cikin adaka, ya kawo a ɗauki hotonsa a sa a littafin.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya bar zumunci tsakaninmu da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.